Indo, Kwanonki Yana Wurina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Indo, matar Malam Baballe na Madachi, rasuwa ranar Alhamis goma ga watan Safar na bana, da hantsi, a asibiti a Rano. An kawo ta gida, an yi mata sutura bayan azahar. Ta bar mijinta, da ɗanta Sharfaddeen direba, da 'yarta Na'ima da ke aure a Zinyau, da jikoki. Ta bar ni ma, ko da yake ba a sa ni a lissafi ba.

Ni ce Jummai, Iya Jummai ta ɗakin bayan gidansu. Ban san rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Malam Mukhtar na Islamiyya ne ya rubuta mini na farkon nan, a tsaye daga waje, bai yarda ya taka tabarmata ba. Da ya kai kan jikoki sai ya ce ana jiransa a masallaci, ya ajiye takardar a ƙasa ya tafi. Yanzu Na'ima ce ke riƙe da biron. Na roƙe ta ta rubuta duk abin da ya fito daga bakina, kada ta gyara, kada ta rage. Ta ce to, don darajar mahaifiyarta.

Gobe bakwai. An hana ni shiga gidan makoki, shi ya sa nake so a karanta wannan a tsakar gida inda mata ke zaune. Sharfaddeen kuma ya aiko cewa da an shafa fatihar bakwai in tattara tsummokarana, zai sa ni a motarsa ya sauke ni a Kahu inda aka samo ni. Ba ni da kowa a Kahu sai kabarin mijina da na 'ya'yana. Tsoro nake ji, Indo, ba zan ɓoye miki ba. Amma bari in fara da maganarki.

Yaran yanzu ba su san yadda muka haɗu ba. Daddawa nake yi a Kahu. Mijina Habu ya rasu, 'ya'yana suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wasu suna goye, wasu sun tasa. Da na ƙarshen ya tafi, Khalid, wanda har ya fara noma, sai gari ya ce ni na cinye su. Suka ce a dubi idona yadda ya yi ja. Duk wadda ta wuni a kan tukunyar kalwa tana hura wuta ta san abin da hayaƙi ke yi wa ido, amma ba wanda ya tambaya. Aka daina sayen daddawata. Ranar kasuwar Kibiya ina zaune da faifai a gabana, mutane suna ratsewa kamar kashi aka yi a wurin. Sai ga ki da goyo, Sharfaddeen ne a bayanki, kansa ko gashi bai cika ba. Kika tsuguna kika ɗauki ɗaya kika sansana. Wata ta ja miki mayafi ta raɗa miki magana a kunne. Kika dube ta, kika gutsuri daddawar ɗanya kika tauna a gaban kowa, kika ce, "Wannan ita ce daddawa. Sauran duk wari ne kawai." Ba a yi wata biyu ba kika sa Malam Baballe ya share mini ɗakin da ake zuba ƙaiƙayi a bayan gidanku.

Katanga ce tsakaninmu. Wata damina ruwa ya ci gefenta, ya bar kafa daidai ƙirjin mutum. Malam ya kwaɓa ƙasa zai liƙe, kika ce ya bar ta, ƙofar tuwo ce. Tun daga ranar kwano ɗaya ke shiga yana fita ta kafar nan, koren nan mai murfi da fentinsa ya ɓare a baki.

Da sassafe ni ke fara miƙawa, kunun tsamiya, da citta da kanumfari da ɗan barkono, mai gaya a ciki don kin ce kunu ba gaya ruwan wanka ne. Ki shanye, ki wanke kwanon, ki zubo mini ɗumamen tuwon jiya da miyar da ta kwana ta yi daɗi. Da rana abin da Allah ya hore: ɗanwake da man gyaɗa da yaji, ko shinkafa da wake, ko fate in masara ta shigo, ko furar da kika dama da nonon Bafulatanar da ke zuwa daga rugar gabas. Da magariba tuwon dawa. Miyar kukarki ba irin ta mutane ba ce da ke tsinkewa kafin a kai baki, taki tana kama tuwo, kanwa kaɗan, daddawata da yawa. In damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, sai mu koma rama da zogale da tafasa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ki ce, "Iya, yau mun zama awaki." In kaka ta yi, miyar taushe da kabewa da yakuwa, har ki sa mini ƙashi in tsotsa.

Ni kuma ban taɓa mayar miki da kwanon nan haka nan ba, haka aka koya mana, ba a mayar wa mutum kwano babu komai. Lokacin da nake da ƙarfi dambu nake turo miki. Da ƙarfi ya tafi, ko tafin gyaɗa ne, ko busasshiyar kuɓewa da na yanka na shanya, ko daddawa guda, sai na sa. Wata rana ba ni da komai, na sa miki 'ya'yan goruba biyu. Kika leƙo ta kafar kina dariya kika ce, "Iya, so kike in zama irinki, baki ba haƙori?"

Da haƙorana suka zube sai na ga tuwona ya fi na gida laushi. Ashe nawa kike fara kwashewa kafin ki ƙara gari. Ranar layya kowa na yagar nama, ke kuwa kina bakin turmi kina daka mini nawa har ya zama kamar auduga. Ƙanzo ma ba kya zubarwa, kina kankarewa ki shanya ki tara mini a buhu, wai ko wata rana za ki yi tafiya. Shi nake jiƙawa yanzu.

Maganar Kahu ta biyo ni Madachi, ba ta taɓa barina ba. Amma muddin kina cin abincina ba wanda ya isa ya faɗa da ƙarfi. Kin san haka, da gangan kike yi. Akwai wani suna da aka yi a unguwa, aka kawo tuwon shinkafa a manyan faranti, mata suka zauna biyar-biyar. Da na sa hannu a namu sai suka janye ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce ta ƙoshi, waccan ta ce ɗanta na kuka. Na zauna ni kaɗai da farantin da zai ishi gida. Kika taso daga cikin dangi, kika wanke hannu, kika zauna muna fuskantar juna, kika yanki tuwo daidai inda na yanka. Kika ɗaga murya kika ce, "Iya, in mutane kike ci, ina naman yake zuwa? Dubi wuyanki kamar na zabuwa." Wasu suka yi dariya. Kika ce, "In kuma yunwar ta taso miki, ki fara da Malam, ya fi ni maiƙo." Muka cinye tuwon nan tas, kika suɗe hannu. Da muka dawo gida kika kwanta ciki ya kumbura, kika ce saboda ni kin ci rabon mata huɗu, Allah ya isa.

Da lokacin yaye Sharfaddeen ya yi, danginki suka ce a kai shi Rano wurin gwaggonsa. Kika ce ga kakarsa nan a bayan katanga. Aka yi ta zuwa ana ba ki baki, wai za ki miƙa wa mayya ɗan fari da hannunki. Kika miƙo shi. Ya yi kukan nono har muryarsa ta dushe, ina goye da shi ina zagaya ɗaki, ina ba shi koko da ƙaramin ludayi, ina tauna ƙosai ina sa masa a baki. Ya jiƙa mini kowane zani da na mallaka. Da aka zo mayar da shi ya riƙe wuyana ya ƙi saki. Na'ima ma a nan aka yaye ta, ita kunun tsamiya ta fi so, in ta shanye sai ta kife ludayin a kai ta yi hula. Ga ta nan tana rubutawa, ta sunkuyar da kai. Rubuta, 'yar nan, ba abin kunya ba ne.

To, ga abin da ya faru, don a cikin gida ana faɗarsa iri-iri. Talatar da ta wuce na dama kunu kamar kullum na miƙa. Kika sha, kika ce tsamiyar ta yi yawa, tsufa ya fara taɓa mini harshe. Kika wanke kwano kika zubo ɗumame. Ban kai rabi ba na ji faɗuwar abu da salati. Na leƙa ta kafar na gan ki a ƙasa kusa da murhu, baki ya karkace, hannu ɗaya ba ya motsi. Aka kai ki ɗaki. Ba kya iya magana sai abu ɗaya, "Iya Jummai, Iya Jummai." Sunan da kike kira ta kafar nan safe da rana da magariba shekara da shekaru, shi ya rage a bakinki.

Mata suka dubi juna. Sun ce wanda aka kama wa kurwa shi ke kiran sunan mai kamun. Sun ce ga shi kuma kununa ne abin ƙarshe da ya shiga cikinki. Maimakon mota ta ɗauke ki, ni aka zo ɗauka. Sharfaddeen ne ya shigo ɗakin nan da takalminsa, ya kama ni a nan, a damtse, shaidar na nan har yau. Na ce, "Sharfu, ni ce fa." Ya ce, "Na san ke ce. Tashi ki sakar mini uwa."

Tsakar gida cike da mutane har kan katanga. Aka fito da ke aka shimfiɗe ki a tabarma aka ce in tsallake ki, wai haka mayya ke sakin wanda ta kama. Wata ta ce a tuɓe ni tukuna, haka ake yi. Malam Baballe ya ce a bar mini zanina. Iyakar abin da ya ce ke nan a kaina, daga ranar har yau.

Na ce ni ba mayya ba ce. Suka ce in ba ke ba ce, me zai hana ki tsallaka? Na dube ki, idonki a rufe, miyau na zuba. Na ce a raina, in akwai ko ɗan abin da zai tashe ki, ko wuta aka ce in taka zan taka. Ƙafata ba ta ɗaguwa, sai da mutum biyu suka riƙe ni, suka ɗaga ni suka dire, suka sake ɗagawa suka dire. Diddigena ya bugi haƙarƙarinki. Ki yafe mini wannan bugun, ba ni na so ba. Sai kika buɗe ido. Kika dube ni, wallahi ni kika duba, kina son ki yi magana. Gida ya ɗauki kabbara. Suka ce kun gani, ta saki kaɗan. Ashe da na ɗaga ƙafa na amsa abin da na yi shekaru ina musu, ban sani ba. Da na ƙi, su ce na ƙi sakinki. Da na yi, suka ce ai ga shi ta yarda.

Aka wuni ana jiran ki tashi, ana jifan ƙofata da hoge. Sai washegari aka kai ki Rano. Na'ima ta ce likita ya ce hawan jini ne. An ji, an ce likita ba ya ganin irin wannan. Da labari ya zo ranar Alhamis suka ce na riga na cinye, tsallaken na yaudara ne. Ban ga gawarki ba. Ta kafar katanga na ga ƙafafun masu ɗaukar makara, shi ke nan sallamarmu.

Kin san in an yi rashi maƙwabta ke dafa wa gidan abinci. Kowane gida ya aiko da nasa. Ni ma maƙwabciya ce, kuma kwanonki yana wurina tun ɗumamen Talata. Na tsinki ramar da ke bakin ƙofata na dafa, na kwaɗa da ragowar ƙuli-ƙuli yadda kike so, na rufe na tura ta kafar. Na ji tsakar gida ta yi tsit. Da sanda aka ture shi. Aka juye a kwata, aka zuba ƙasa a kai kada kaji su tsattsaga, aka jefo kwanon ta saman katanga. Ya faɗi a kan dutsen murhuna ya lotse a gefe. Ranar uku aka daka gumba, kowane yaro a unguwa ya samu dunƙule, ina jin su suna wucewa suna ci. Masu tallan ƙosai sun daina tsayawa a ƙofata. Bafulatanar ma an gaya mata, ta wuce da ƙwaryarta ba ta waiwayo ba. Yanzu haka ƙanshin wainar gobe nake ji ana gwada tanda. Ba ƙorafi nake yi ba, Indo, labari nake ba ki, tunda kullum ke nake ba.

Wannan ƙarar da ake ji, Na'ima, ta mece ce? Ta ce bulo ne, yayanta ya sauke da safe, magini na kwaɓa siminti. To. Ƙofar tuwo ke nan ake rufewa. Rubuta.

Yanzu ga roƙona, ga Malam Baballe da duk wanda ke jin wannan. Ban ce a ciyar da ni kamar yadda Indo ta yi ba, wannan ya tafi da mai shi. A bar ni a ɗakin nan in ƙarasa, ba zan daɗe ba. Ba zan leƙa gidan kowa ba, ba zan kira sunan ɗan kowa ba. Malam, shekara nawa kana shan miya da daddawata, me ya same ka? Sharfu, ƙosan da na tauna da bakina ka haɗiya, ga ka nan ƙato kana tuƙa mota har Kano. In da ina cin mutane, wa ya fi ka sauƙi lokacin da kake kwana a ƙirjina?

Na san magana ba ta isa ba. A Kahu ma na yi magana. Abin da ya tsare ni shekarun nan duka bakinki ne da ke cin abincina a gaban mutane. Shi ya sa yau da safe na karkaɗe ragowar garin geron da kika kai mini inji, na jiƙa tsamiya, na rage ta tunda kin ce ta yi yawa, na dama kunu da gaya na zuba a kwanonki. Ga shi nan a gaban Na'ima tun da ta zauna. Na ce mata, 'yar nan, ɗauki ki fita bakin ƙofa inda magini da matan da ke leƙe za su gan ki, ki kurɓa ko sau ɗaya. In jinin Indo ya sha, wa zai sa ni a mota?

Ta daɗe tana kallon kwanon. Ta ce, "Iya, azumi nake yi."

Yau Talata. Na ce na Litinin ne ya zarce? Ta ce ramuwa ce. Kamar na ga totuwar masara a hannunta da za ta shigo, ta yar a bakin ƙofa, amma idona ba shi da kyau yanzu. Tana da miji, tana da 'ya'ya, a Zinyau ma akwai bakuna. Kada ki yi kuka a kan takardar, Na'ima, za ki ɓata rubutun. Allah ya karɓi azuminki.

Kunun ya huce, ya yi fata a sama. To shi ke nan, na gane. Zan ɗaure kayana da yamma, ba su da yawa, tabarma ce da buta da buhun ƙanzo. Kwanon ba nawa ba ne, na gidanku ne, ba zan tafi da shi a ce na ɗauki wani abu naki in yi aiki da shi ba. Na'ima, in kin gama ki ɗauka, ki zagaya ta ƙofar gida tunda an rufe kafar. Ki tafi da shi da kunun a ciki. In kin shiga ki zubar inda kika ga dama, ki rufe da ƙasa. Ni dai kada a ce Jummai ta mayar wa Indo kwano babu komai.

Allah ya jiƙan ki, Indo. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa kowace loma da kika miƙo ta kafar nan ta tsaya miki ranar da ba mai tsaya wa wani. Allah ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ciyar da ke abincin Aljanna. Ina yi wa Malam Baballe ta'aziyya, da Sharfaddeen da iyalinsa, da Na'ima da mijinta, da jikoki, da dangi na Rano da na Kibiya, da mutanen Madachi baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari. Allah ya kiyaye Sharfaddeen a hanya gobe, zuwa da dawowa. Ni kuma in tawa ta zo, Allah ya sa a samu wanda zai yarda ya taɓa ni ya yi mini wanka. Amin.